Jerin zaɓi na kwamfuta: yadda ake gina shi, da abin da ya kamata ku nema

Idan kun taɓa kai takarda wani shagon buga takardu a Sabon Gari, ko a gefen babbar kasuwar Maraɗi, to kun riga kun ga abin da za mu yi bayani a kansa. Mai shagon yana jan linzamin kwamfuta zuwa saman allo, inda wasu kalmomi suke jere. Ya latsa ɗaya daga cikinsu, sai wasu kalmomin su sauko a ƙarƙashinta. Ya zaɓi guda, sai injin ya fito da takardarku. Wannan jerin kalmomi shi ake kira menu, sunan da kuka sani a wayar salula. Da Hausa muna iya ce masa jerin zaɓi.

A Maraɗi yawancin waɗannan kalmomi da Faransanci suke: Fichier, Édition, Affichage. Mutane da yawa suna zaton haka kwamfuta take zuwa daga masana'anta, ba a iya canza komai. Ba haka ba ne. Mutum ne ya zauna ya zaɓi kowace kalma, ya ba ta wurin zamanta, ya yanke girmanta da launinta. Ana iya rubuta jerin da Hausa, ana iya ƙara girman baƙaƙensa, ana iya cire abin da ba a bukata.

Me ya sa wannan ya shafe ku?

Tun shekarar 1991, lokacin da ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, mata suke haɗa asusu, suna zubi duk mako, suna ba juna bashi. Akwai bankunan cimaka a ƙauyuka, akwai ƙungiyoyin manoman rani a Jiratawa, akwai ƴan kasuwa a Tsibiri. Duk waɗannan suna riƙe da lissafi. Idan ƙungiya ta girma, littafi ɗaya ya kasa, wata rana wani zai ce a sayi kwamfuta, a nemi wani matashi da ya yi karatu a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ko wani wuri, ya tsara manhajar lissafi. Manhaja ita ce umarnin da ake rubuta wa kwamfuta don ta yi wani aiki.

Ranar da aka yi haka, ku ne za ku biya kuɗin, ku ne kuma za ku zauna gaban allon. Idan jerin zaɓi bai yi kyau ba, ma'aji zai iya latsa "Goge" a wurin "Adana", bashin mutum goma ya ɓace, rigima ta tashi a tsakanin maƙwabta. Ko kuma kowa ya ji tsoron taɓa injin, a bar shi a hannun mutum ɗaya, ba wanda ya san abin da yake rubutawa. Ba sai kun iya tsara manhaja ba kafin ku sa baki. Mai gida ba ya iya gini, amma shi yake gaya wa magini inda ƙofa za ta duba.

Manhajar da take zaune a cikin kwamfuta

Manhajoji iri biyu ne. Akwai wadda ba ta aiki sai da intanet. Akwai kuma wadda ake girkawa a cikin kwamfutar kanta, ta zauna a can, ta yi aiki ko babu intanet. A kan ta biyun muke magana, domin ita ta fi dacewa da ƙaramar ƙungiya: ba ta cin kuɗin waya, kuma lissafinku yana nan a ofishinku. Illarta ita ce idan kwamfutar ta lalace ko aka sace ta, lissafin ya tafi, sai fa in kuna kwafarsa a wani wuri duk mako.

Irin wannan manhaja ba ta tsayawa ita kaɗai. A kowace kwamfuta akwai babbar manhaja, uwar sauran, kamar Windows ko Linux. Ita take riƙe da allo da linzami da maɓallai. Ita kuma take da kayan gini shiryayyu: taga, maɓalli, da jerin zaɓi. Wannan tsari ya daɗe. Kamfanin Apple ya sa jerin kalmomi a saman allo a kwamfutarsa mai suna Lisa a 1983, da Macintosh a 1984. Windows na kamfanin Microsoft ya biyo baya a 1985. A 1987 kamfanin IBM ya fitar da ƙa'idoji don manhajoji su riƙa jera zaɓinsu iri ɗaya. Shi ya sa wanda ya koyi manhaja ɗaya ba ya shan wahala sosai a ta biyu.

Akwai alamomi huɗu da suka zama ruwan dare, kuma yana da kyau ku san su. Kalmar da ta dushe, ta yi toka-toka, ba ta aiki a wannan lokaci. Kalmar da ke da ɗigo uku a bayanta za ta yi muku wata tambaya kafin ta aikata komai. Ɗan kibiya a gefe yana nufin akwai wani jerin a ciki. Alamar maki, irin wadda malami yake yi a littafi, tana nufin abin a kunne yake.

Shiryayye ko na aune?

Mai tsara manhaja yana da hanya biyu, kamar mai neman riga. Zai iya ɗaukar shiryayya, zai iya kuma kai yadi wurin tela.

A hanya ta farko, yana ba Windows kalmomin kawai: "Zubi", "Bashi", "Biya". Windows ya jera su, ya zana su da rubutunsa da launinsa, ya kula da linzami da maɓallai. Kalmomin na iya zama na Hausa tsantsa. Ana ma iya sa ɗan ƙaramin hoto a gefen kowace. Aikin ba ya da yawa, kuma ba ya yawan kuskure.

A hanya ta biyu, mai tsarawa yana gaya wa Windows cewa: wannan layi ka bar mini, ni zan zana shi da kaina. Daga nan sai wata ƴar tattaunawa ta shiga tsakaninsu, wadda ido ba ya gani domin saurinta. Da farko Windows yana tambayar awo: tsawon layin nawa, faɗinsa nawa? Manhajar ta ba da amsa, kamar tela ya auna kafaɗa da hannu. Sa'an nan, duk lokacin da za a nuna layin, Windows yana ware mata fili, ya ce ta zana, ya kuma gaya mata halin da layin yake ciki: linzami yana kansa ne, ko a kashe yake, ko yana da alamar maki. Manhajar ce za ta shafa launin bango, ta rubuta kalmar, ta sa hoton, ta dusar da abin da ba ya aiki. Idan linzami ya matsa zuwa layi na gaba, a sake zane. Haka abin yake tafiya sau da yawa a cikin daƙiƙa kaɗan.

Da wannan hanya ana samun abin da shiryayye ba ya bayarwa: manyan baƙaƙe a wannan manhaja kaɗai, irin rubutun da kuka zaɓa, tazara mai faɗi a tsakanin layuka don kada hannu ya zame, babban hoto. Ga sabon mai karatu waɗannan ba ado ba ne.

Amma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Duk hidimar da Windows yake yi a kyauta, yanzu ta dawo wuyan mai tsarawa, kuma abin da ya manta ba wanda zai yi shi. Ga misali. A jerin zaɓi na asali, kowace kalma tana iya samun harafi ɗaya mai layi a ƙarƙashi. Idan aka danna maɓallin Alt sa'an nan wannan harafi, an zaɓi kalmar ba tare da linzami ba. Ranar da linzami ya lalace, da wannan ake ƙarasa aiki. A jerin da aka zana da hannu wannan ba ya aiki sai mai tsarawa ya rubuta shi da kansa, kuma da yawa sukan manta.

Haka kuma, a cikin Windows akwai wurin da mai raunin ido yake ƙara girman rubutu, ko ya mai da allo baƙi da farin rubutu. Jerin asali yana bin wannan umarni. Na hannu ba ya bi, sai an koya masa. Makafi kuma suna amfani da manhajar da take karanta musu allo da murya, kamar NVDA, wadda wani makaho ɗan ƙasar Ostareliya, Michael Curran, ya fara a 2006, kuma kyauta ake samunta. Wannan manhaja tana tambayar Windows sunan kowane layi. Idan layin zane ne kawai, ba a ba shi suna a ɓoye ba, ba abin da za ta faɗa. Bayan duk wannan, idan aka sayi sabuwar kwamfuta mai allo daban, zanen da aka auna wa tsohuwa yana iya tsukewa, kalmomi su hau kan juna.

Akwai hanya ta tsakiya. Wasu kayan aiki na masu tsarawa, kamar wanda ake kira Qt, suna ba da damar canza launi da girma da irin rubutu, alhali su suke kula da maɓallai da sauran hidimomi. Shawararmu ita ce a fara da shiryayye. Idan an gwada shi da mutanenku an ga bai isa ba, a koma ta tsakiya. Zanen hannu ya zama na ƙarshe, kuma don wata bukata da za ku iya faɗar sunanta. Matasa masu tsarawa suna son jeri mai ƙyalli da launuka, don su nuna gwaninta. Ba laifi ba ne, amma ba wannan kuke saye ba.

Baƙaƙe masu lanƙwasa

A nan ne yawancin manhajojin Hausa suke tuntuɓe. Kun koya a ajin yaƙi da jahilci cewa ɓ, ɗ, ƙ da ƴ baƙaƙe ne masu zaman kansu. "Ƙare" daban, "kare" daban. "Ƙasa" daban, "kasa" daban. Wanda ya daɗe yana karatu zai gane abin da ake nufi ko an cire lanƙwasa. Sabon mai karatu yana bin harafi ɗaya bayan ɗaya, saboda haka idan ya ga "Kara" a wurin "Ƙara", karan dawa zai fara zuwa masa a rai.

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Akwai wani babban tsari na duniya mai suna Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, da ya ba kowane harafi na kowane harshe lambarsa. Baƙaƙenmu huɗu suna ciki, manya da ƙanana. Sai dai Windows yana da tsohuwar hanyar rubutu da sabuwa. Tsohuwar, a kwamfutar da aka saita da Faransanci, ta san é da ç amma ba ta san ƙ ba.

Kuna iya gane ciwon da idonku. Idan kun ga alamar tambaya a wurin harafin, kamar "?ara", to manhajar ta bi tsohuwar hanya, harafin ya ɓace a hanya. Mai tsarawa ne zai gyara, ya koma Unicode. Idan kuwa ɗan akwati kuka gani, ko harafin ya fito da wata kama daban da ta ƴan'uwansa, to harafin yana nan, irin rubutun da aka zaɓa ne ba ya da zanensa. Sai a canza irin rubutun. Windows na yanzu yana da waɗannan baƙaƙe a rubutunsa na kullum, amma rubuce-rubucen ado da yawa ba su da su.

Akwai wani irin rubutu da ƙungiyar SIL ta zana musamman domin masu koyon karatu. Sunansa Andika, wato "rubuta" da harshen Suwahili. Kyauta ne, yana da duk baƙaƙen Hausa. An zana a da g ɗinsa kamar yadda malami yake rubuta su a allo, kuma babban I da ƙaramin l da lamba 1 ba sa kama da juna. Idan akwai dalili ɗaya mai ƙarfi na barin jerin shiryayye, to wannan ne.

Ku kula da wani abu kuma. A Nijar, bisa ƙa'idar rubutun Hausa da ma'aikatar ilimi ta fitar a 1999, ana rubuta ƴ. A Nijeriya an fi rubuta 'y. A zamanin Windows Vista da Windows 7 kamfanin Microsoft ya fitar da fassarar Hausa, amma ta Nijeriya ce. Idan mai tsarawa ya kwafo kalmomi daga can, ku duba ko sun yi daidai da abin da aka koya muku a aji. Sa'an nan allon maɓallan da ake sayarwa a nan, na Faransa ne ko na Ingila, ba ya da maɓallin ƙ ko ɗ. Don haka kada a sa layin Alt a ƙarƙashin harafi mai lanƙwasa. A "Ƙara mamba", a ja layin a ƙarƙashin m.

Kalmomin kansu

Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ne harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ba wanda zai ce muku neman jerin zaɓi da Hausa ƙauyanci ne.

Amma ba a fassara kalma da kalma. Fichier ba ta da ma'ana ga mai zubi. Ku fara da aikinku: me kuke yi ranar taro? Kuna karɓar zubi, kuna ba da bashi, kuna karɓar biya, kuna cin tara, kuna duba abin da ya rage. To waɗannan su ne kalmomin saman allo. A ƙarƙashin kowace a sa aikatau gajere: "Rubuta zubi", "Duba bashi", "Buga takarda". A yi amfani da kalmar da ake faɗa a Maraɗi. Idan a bankinku da tiya ake awo, a rubuta tiya. Abu ɗaya kuma ya riƙe suna ɗaya: kada a ce "Adana" a nan, "Ajiye" a can, sabon mai karatu zai ɗauka abu biyu ne.

Batun kuɗi yana bukatar kulawa. A baki da dala muke ƙirga, a takarda kuwa da sefa. Dala ashirin ita ce sefa 100, jika ɗaya sefa 1000. Idan allo ya nuna 100 kawai, wani zai karanta dala ɗari, wato sefa 500. Ku nemi a sa layi a cikin jerin mai cewa "Nuna da dala" da "Nuna da sefa", da alamar maki a gefen wanda yake aiki, a kuma rubuta sunan kuɗin a gefen kowace lamba.

Ku roƙi mai tsarawa ya ajiye duk kalmomin a wata takardar kwamfuta dabam, kada ya binne su a cikin umarnin manhajar. Masu sana'ar sun san wannan dabara. Da ita malamin ajinku zai iya gyara kalma ba tare da an sake gini ba, kuma gobe ana iya ƙara Fulatanci ko Tamashek.

Kada a yi rumbu a cikin rumbu

Wata mai bincike a ƙasar Indiya, Indrani Medhi, ta yi shekaru tana aiki da mutanen da ba su yi karatu mai zurfi ba a birnin Bangalor. Ita da abokan aikinta sun gano cewa jerin da ke cikin jeri, wanda shi ma yake cikin wani jerin, yana ɓatar da mutane, kuma sun fi samun abin da suke nema idan an shimfiɗa shi a fili. Sun kuma ga cewa zanen hannu mai sauƙi, mai nuna aikin da ake yi, ya fi alamomin da ƴan boko suka saba da su. Kun san wannan a wayarku, lokacin da ake cewa ku danna 1, sa'an nan 4, sa'an nan 2, har ku manta abin da ya kawo ku.

Saboda haka kalmomin sama kada su wuce biyar ko shida, na ƙarƙashi su ma kaɗan. Abin da ake yi kullum ya zo a farko. "Goge" ya koma can ƙasa, a ja layi a raba shi da sauran, kada ya taɓa zama maƙwabcin "Adana". Idan an latsa shi, manhajar ta yi tambaya da cikakkiyar magana, ta faɗi sunan abin da za a goge da yawan kuɗin. Ƙungiyoyin asusu da yawa suna raba makullan akwati a hannun mutum uku. Ana iya yin irin wannan a nan, a ce ba a goge bashi sai mutum biyu sun sa lambar sirrinsu. Kuma da zarar mutane sun saba, kada a riƙa sauya wa kalmomi wuri. Lokacin da Microsoft ya sauya jerin zaɓin manhajar Word a fitowar 2007, har ƙwararrun masu buga takardu sai da suka koma lalube.

Hoto yana taimako, amma ya tsaya a gefen kalma, kada ya kore ta. A manhajoji da yawa alamar "Adana" hoton wani tsohon faifai ne da aka daina amfani da shi tuntuni. Hoton akwati mai kwaɗo zai fi muku ma'ana. Launi shi kaɗai bai isa ya zama gargaɗi ba, domin wasu mutane, yawanci maza, ba sa bambanta ja da kore, kuma hasken rana yana kashe launi a allo. Barin kalmar yana da wani amfani. A 2009 da 2010, a ƙauyukan jihohin Doso da Damagaram, shirin ABC na ƙungiyar CRS ya koya wa wasu ɗaliban yaƙi da jahilci amfani da wayar salula. Binciken da Jenny Aker da abokan aikinta suka yi ya nuna cewa sun fi sauran ɗalibai samun maki a rubutu da lissafi. Kalmar da ido yake gani duk mako ba ta saurin gudu.

Kafin ku biya sauran kuɗi

Kada gwajin ya zama mai tsarawa yana latsawa kuna kallo. Ku zaunar da mutum uku ko huɗu daga cikinku, har da wadda ta fi kowa sabunta a karatu da dattijon da idonsa ya yi rauni. A ce wa kowa: rubuta zubin mutum ɗaya, nemo bashin wani, buga takardar wata. Mai tsarawa ya zauna a baya, ya yi shiru, ya rubuta duk inda hannu ya tsaya. Inda mutum biyu suka ɓata a wuri ɗaya, laifin jerin ne, a gyara shi.

Sa'an nan ku cire linzamin ku ga ko ana iya aiki da maɓallai kaɗai. Ku ƙara girman rubutu a Windows ku ga ko kalmomin sun yanke. Ku buɗe kowane jeri ku nemi ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, manya da ƙanana, a allo da kuma a takardar da aka buga. Ku girka manhajar a wata kwamfuta dabam, domin wani lokaci irin rubutun yana cikin kwamfutar mai tsarawa ne kawai.

A rubuta a cikin yarjejeniya cewa zai ba ku asalin umarnin da ya rubuta, da takardar kalmomin, da irin rubutun da ya yi amfani da shi, a kwafe su wuri biyu. Matashin yana iya samun aiki a Yamai ko Kano baɗi, kuma wanda zai gaje shi ba zai iya gyara ko harafi ɗaya ba idan babu waɗannan. Kwafi ɗaya ya zauna a hannun magatakarda, ɗaya a cikin akwatin ƙungiya.